Maginiyar Tukwane da Randar Masallaci

A can wani ƙauye an yi wata maginiyar tukwane mai raina kanta. Ran nan dattawa suka ce ta gina wa masallaci babbar randa. Ta ruga gidan yayarta tana kuka, "Wayyo Yaya, ni ban iya komai ba!"

Yayar ta ce, "Haka ne. Sha ruwa tukuna. Wa ya gina tulun nan?"

"Ni ce."

"Tukunyar da ke kan murhu fa?"

"Ni ce."

"Randar nan da kika kife kika zauna a kai fa?"

Ta duba ƙasa. "Ni ce. Ko tsagewa ba ta yi ba!"

"To, sannu da rashin iyawa."

Ta share hawaye, ta nufi ramin yumɓu. Ranar kai randa masallaci, sai da ƙarti suka taru kafin ta ɗagu.