Ƙullin Ƙunshin Inna Kaltume

A bakin madatsar ruwan Goronyo Inna Kaltume ta kwance ƙunshinta, sai da ta sa haƙori kafin ya buɗe, ta kurma ihu. Maimakon sarƙar zinari da 'yan kunne, tsakuwa biyar ta gani.

Inna dai ba ta yarda da akwati ba, ko suna za ta je da zinarinta take tafiya. Ranar kuwa tun daga Rara aka cika mota, aka sha lilo a gidan wasan yara na Sakkwato, aka yi ziyarar hubbare a Wurno, ana ta shewa.

Abdulƙadiri, masuncin da aka sa wa rana da autarta Raihana, ya caɓe wuyan direba.

"Lawwali na! Shi anka bar ma jakunkuna gidan wasa. A kai shi ga 'yan sanda!"

Lawwali sai rantsuwa yake. Motar ba tasa ba ce, ko zargi mai ita ya ji, abincinsa ya ƙare.

"Sake shi," in ji Zakiyya, babbar ɗiyar Inna, dillaliyar albasa da ba a taɓa cutarta a buhu ba. "Inna, yaushe kinka buɗe ƙunshin ga na ƙarshe?"

"Da na sauko daga abin nan mai juyawa. Kaina na hajijiya, na ɗauki goro. Zinari na nan."

"To, gidan wasa ya hita. Lawwali, ina kaz zauna Wurno?"

"Wurin mai faci nike har kunka hito. Ga tayar nan, taɓa ki ji."

Ta juya ga matar ƙanenta. "Mashkura, ke hwa?"

"Haba Yaya! Goyo ga baya, ɗiya biyu ga hannu. Da mi zan kwance?"

"Wa yar riƙa ma Inna jaka da taz zo alwala?"

Zakiyya ta miƙa wa Abdulƙadiri ƙyallen da tsakuwar a ciki.

"Ango, ɗaure muna shi da kyau, shaida ce."

Hannu bai san ƙarya ba. Kafin ka ce kwabo ya zarga ya ja, ya miƙo. Zakiyya ta ba Inna. Inna ta ja, ta ƙara ja, ta kai haƙori, sai ta tsaya cak.

"Shi na! Irin shi na kwance ɗazu!"

"Inna ƙullin goro taka yi, ja ɗaya ya warware," in ji Zakiyya. "Wanga ƙullin koma na, ragar kamun kihi, wanda ba ya zamewa cikin ruwa. Duk motar ga manoma na da direba. Masunci guda muka da."

A cikin naɗin hularsa aka sami sarƙar da 'yan kunnen. Raihana ta fashe da kuka, wallahi abin tausayi, saura wata ɗaya biki.

Inna ta kama hannun direban. "Lawwali, ka yahe muna. Tada mota."

Abdulƙadiri ya nufo ƙofa, Raihana ta riga shi, ta ja ta garam.

"Ka san hanyar gulbi," ta ce ta taga. "Bi ta."