Fuskar Da Malam Yake Jira

"Mama, mene ne wannan?"

Babbar 'yarta ce tsaye a ƙofar ɗakin bayan shago, da kayanta na nas a jiki, ta ɗaga wata 'yar kwalba marar takarda kamar wadda ta kama ɓarawo.

Anti, haka duk masu zuwa gyaran fuska suke kiranta, ta ci gaba da ninke tawul, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ajiye min abina."

"Wallahi ba zan ajiye ba! Ba ke kika kori wata mata da irin wannan man saɓule fata bara ba? Kika ce ruwan batir ne aka zuba wa turare?"

"Na ce ki ajiye."

"Mama, shekara ashirin da uku kina wannan sana'ar..."

"Ashirin da huɗu. In za ki yi min gori, ki yi shi daidai."

Gaskiyar yarinyar ce, shi ya sa maganar ta yi mata zafi. Duk layin an san Anti da faɗin gaskiya ko da ciniki zai gudu. Mace ta zo tana kukan tamoji a gefen ido, sai ta kwantar da ita, ta yi mata tururi, ta murza mata fuska a hankali, sannan ta ce, "Ki sha ruwa, ki yi barci, ki shafa man kare rana, ki rage haɗe rai. Tsufa rigar kowa ce 'yar uwa, ni guga kawai nake mata."

To yau ga mai gugar tana neman yaga tata rigar.

Wata goma sha huɗu ke nan da Malam, mijinta, ya yanke jiki ya faɗi a gaban allo yana koyar da lissafi. Jiki ya dawo, ƙafa ta taka, baki ya buɗe. Amma shekara ashirin da biyar sun goge daga kansa tas. Bai san 'ya'yansa ba. Abin da ya sani kawai yana da amarya 'yar shekara ashirin da uku, wadda yake kira Gimbiya, kuma ta ɗan fita.

Kullum da safe in ta kai masa shayi sai ya gyara zama cikin ladabi ya ce, "Na gode baiwar Allah. Ba ki ga Gimbiya ba?"

Sau ɗaya ta taɓa kama hannunsa ta ce, "Ni ce fa, Malam... ni ce Gimbiyarka."

Ya fizge kamar ya taɓa wuta. "Ki ji tsoron Allah! Da girmanki? Ina da mata!"

Ranar ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta shiga banɗaki ta yi kukan da ba ta yi ba ko a mutuwar uwarta.

'Yarta ta sassauta murya, ta matso. "Mama, likita ta faɗa miki. Ba a fuskarki matsalar take ba, a kansa take."

"Likitar ta taɓa kai wa mijinta shayi ya ce mata baiwar Allah?"

"Mama..."

"Ba ki nan ranar Talata. Na rina gashi, na kwana da man nan mai ɗame fata, na yi kwalliya irin ta da. Ya daɗe yana kallona... ya daɗe! Sai ya ce, 'Baiwar Allah, kina da ƙanwa? Kin yi min kama da wata.'" Ta ajiye tawul ɗin. "Kin ji? Saura kaɗan. Shekara goma kawai zan sauke daga fuskar nan, ya gane ni."

"In ta ƙone fa? Wa zai kawo fuskarsa wurin mai ƙonanniyar fuska? Da shagon nan muke ci, da shi ake sayen maganin Abba! Kada garin gyaran gira a rasa ido."

Yarinyar ta jefa kwalbar a jaka ta fita tana share hawaye, ta ɗauka ta gama aiki. Ba ta san uwarta biyu ta saya ba.

Ranar Lahadi da rana shago yana rufe. Anti ta wanke fuska, ta ɗaure gashi, ta zauna gaban madubin da ya ga fuskokin mata sun fi dubu. Wanda ya sayar mata ya ce minti uku, kada ta ƙara ko daƙiƙa. Ta fi shi sani. Ita ce fa mai ɗan agogon nan mai ƙararrawa, wadda ba ta taɓa barin mai ya wuce lokacinsa a fuskar kowa ba, ko ana gobara.

Ta shafa. Ta saita agogo.

Raɗaɗi ya fara, irin wanda ta sani. Ta rufe ido, sai ga Malam na da, siriri mai yawan tsokana, yana jan kumatunta yana cewa, "Gimbiya, wannan fuskar ko kin kai ɗari zan gane ta a cikin kasuwa." Maƙaryacin banza, abin sonta!

Ƙararrawa ta buga.

Ta miƙa hannu ta kashe ta. Minti ukun na 'yan mata ne, ta ce a ranta, tata fatar ta ga rana, ta ga haihuwa huɗu, sai an ƙara mata. Ta ƙara ɗaya. Ta ƙara wani. Ta cije leɓe, hawaye yana bin man, tana cewa, "Don kai ne, Malam... don kai ne, rabin raina."

Lokacin da ta kai ga famfo, ruwan sanyi bai da sauran abin da zai ceto.

Kwana goma sha biyu ta yi a asibitin da 'yarta take aiki. Likitan fata ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye, ciwon zai warke amma tabon kumatu biyu ya zauna ke nan. 'Yarta ba ta ce na faɗa miki ba. Da ta faɗa ma da ya fi sauƙi. Sai dai ta zo ta canza mata bandeji.

"Ya tambaye ni?"

"Kullum yana tambayar Gimbiya."

"Ni fa? Baiwar Allah mai kawo shayi?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana gyara filasta.

Ranar da ta dawo gida, da hantsi, ita ta haɗa shayin da kanta. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta tura ƙofa. Yana zaune a kujerarsa, ya sa riga mai kyau, ya taje kai, yana fuskantar ƙofa kamar kullum.

Tana sunkuyawa ta ajiye kofi, mayafin ya zame.

"Subhanallahi!" Ya miƙe tsaye. "Baiwar Allah, me ya same ki?"

Kafin ta rufe, ya kai hannu ya taɓa gefen kumatunta a hankali. Wata goma sha huɗu rabon da hannun nan ya neme ta. Ta kafe shi da ido tana roƙonsa ba da baki ba: dube ni da kyau, Malam, dube ni...

Ya dube ta da kyau. Idonsa ya cika da tausayi.

"Wane marar imani ne ya yi miki haka?"

"Ni ce... ni na yi wa kaina."

"Ayya. Daina kuka, kin ji? Allah ya kawo ki gidan sa'a." Ya jawo mata kujera kusa da tasa, fuskarsa ta washe da alfahari. "Matata tana koyon gyaran fuska. Yarinya ce, amma hannunta akwai albarka. Zauna ki jira ta, yanzu za ta shigo. Ita za ta gyara miki."

Anti ta gyara mayafinta. Ta miƙa masa shayinsa, ta zauna.

"To, Malam. Zan jira ta."

Suka zuba wa ƙofa ido su biyu.