Foldar Farko

Dare ya yi, titi tsit, mai gyaran kwamfuta na shirin rufe shago sai ga wani dattijo, babu ƙarar takalmi. Ya ajiye kwamfuta mai sanyi kamar daga rijiya aka ciro ta.

"Ɗana, na gaji da rubuta umarni a baƙin allo. Haɗa min yadda in na danna folda zan ga 'matse', don a rage mata girma. Yana gamawa ya goge ta asali."

Mai gyaran ya haɗa. Kamar kullum, ya gwada kan foldar farko, ko sunanta bai duba ba.

Koren layi ya fara tafiya a allon. Bango ya matso ya taɓa kafaɗarsa. Fankar sama ta sauko tana kaɗa masa gashi. Sai lokacin ya karanta sunan foldar: sunan shagonsa ne.

"Baba, ta ina ake tsayarwa?"

"Ai ba ka sa ba, ɗana," in ji muryar dattijon, daga cikin kwamfutar.