Waliyyin Muhsina

"Baba ya ce a'a."

Kan Muhsina a sunkuye ta faɗi haka, tana murɗa gefen hijabinta. Kamilu bai ma gama kafe babur ɗinsa ba a ƙofar makarantar matan aure da take koyarwa a Gummi. Daga Anka ya taso, inda yake aikin malamin gona, zuciyarsa cike da tsammanin albishir.

"A'a kawai? Bai ce don mi ba?"

"Ka san don mi, Yaya Kamilu."

Ya sani kuwa. Ubansa Malam Shehu da ubanta Malam Abdussalam ciki ɗaya suka fito. Shehu, babban, shi ya gaji zawiyyar Tijjaniyya ta mahaifinsu a Bukkuyum. Abdussalam kuwa tun yana saurayi wa'azin Izala ya shige shi. Ranar sadakar bakwai ta mahaifinsu ya miƙe cikin taro ya ce abin ba shi da asali a addini. Maganganu masu zafi suka fita daga bakin kowa, ƙanen ya kwashi littattafansa ya koma Gummi. A can ya buɗe wa matan aure makaranta, lokacin da fitar mace da littafi abin gori ne ga mijinta. Tun daga ranar, ba ya zuwa gaida mahaifiyarsu sai ya tabbatar yayansa na gona.

Bara da damina tsohuwar ta zame ta karye a ƙugu, aka tura Muhsina jinya. A ɗakin kakar tasu, Inna Bara'atu, suka san juna, shi yana kawo magani duk Juma'a, ita tana karɓa ba ta ɗaga ido. Kafin ƙashi ya ɗinke, zukata sun riga sun haɗe.

"Ba zan iya saɓa mashi ba," in ji ta. "Duk abin da na zama, shi ne..."

"Ban ce ki saɓa ba, sanyin idona. Ranar da kika yi haka, ba Muhsinar da nake so ba ce."

"To mi za mu yi?"

"Haƙuri. Amma kar ki ce in cire ki a raina, wannan ya fi ƙarfina."

Sai a lokacin ta ɗago. Idanunta sun cika taf.

"Ka kama hanya tun rana na sama," ta ce a hankali. "Ka san yadda hanyar nan take yanzu. In ka isa ka kira ni."

Da yamma ta kai wa mahaifinta fura. Ya daɗe yana kallon ta kafin ya karɓa.

"Kin rame, uwata."

Ya ajiye furar gefe, ya ci gaba.

"Ba yaron nake ƙi ba. Na bincika, ba wanda ya faɗi aibinsa. Amma na sha jifa a kan abin da na yi imani da shi, Muhsina. In ɗauke ki in mayar gidan da na baro?"

"Duk yadda ka yi daidai ne, Baba."

Ta fita da sauri, don kar ya ga hawayen. Ya gani.

Ba a yi sati ba wata tsohuwar mota ta tsaya a ƙofar gidan da hantsi. Muhsina ta leƙa. Inna Bara'atu ce, wadda ko bakin ƙofar ɗakinta ba ta iya kaiwa sai da taimako. Mai riƙe da ita kuwa Malam Shehu ne, fuska a ɗaure. Daga baya aka ji cewa ta rantse ko da rarrafe sai ta je Gummi, kuma ba wanda zai kai ta sai ɗanta na fari.

Haka ya tsallaka zauren da bai taɓa takawa ba.

Aka shimfiɗa mata darduma a inuwar darbejiya. 'Ya'yan biyu, kowa da furfurarsa, suka zauna nesa da juna kamar baƙi a tasha. Muhsina ta ajiye ruwa za ta juya.

"Zamna, ɗiyata. Zancenki na."

Tsohuwar ta kurɓi ruwa, ta dubi ƙaramin.

"Kai kana ganin kai ka fara barin gida don addini?" Ta juya ga babban, wanda ba ta taɓa kiran sunansa. "Kai kuma kana ganin abin da kake riƙe da shi tun kaka da kakanni yake a gidanmu?"

Ta ajiye ruwan, ta ci gaba.

"Ina amarya Malam ubanku ya karɓo wuridin ga. Ranar da ya fara ɗora hannu bisa ƙirji cikin salla, fidda shi aka yi daga masallaci. Ubanai Baƙadire ne, ya ce ɗansa ya kawo sabon abu. Da hannuna na wanke jinin goshin Malam. Shi ma tsohon, kakanninsa sai da aka yi yaƙi da wa'azi kafin suka bar yanka ga tsamiya. Kowane zamani da mai tasowa ya ce a gyara. Wani gyaran ya zamna, wani ya wuce da mai shi."

Ta numfasa.

"Abin da ban manta ba, tsohon ya rasu ba su shirya ba. Malam ya yi ta kukan wannan har ya koma ga Allah. Ni na gani, ku ba ku gani ba."

Malam Shehu ya sa hannun riga ya share ido.

"Inna," in ji Abdussalam, murya ƙasa ƙasa, "har gobe ban sake ra'ayi ba kan abin da na faɗa ranar nan."

"Wa ya ce ka sake? Kowa da kabarinai. Ni zumunta na zo roƙo, ita kuma ban ji malamin da ya ce bidi'a ce ba."

Ana jin muryoyin mata suna bitar karatu a makarantar da ke jikin katanga. Malam Shehu ya karkata kunne.

"Muhsina ke koya masu wannan?" ya tambaya, bai dubi kowa ba.

"Ita ce," in ji ƙanensa. "Kuma ba zan yarda a raba ta da shi ba, ko a tilasta mata abin da ba ta gamsu da shi ba."

"Wa zai tilasta ta? Matan unguwarmu da yawa Fatiha ma da gyara. In ta zo, zaure na nan."

Abdussalam ya dubi ɗiyarsa, wadda ta dunƙule a bayan kakarta tana kuka marar sauti. Sannan, karon farko tun ƙuruciya, ya kira sunan da ya daina kira.

"Yaya... ai ba ni ke da ikon ba da ita ba. Ɗiyarka ce. Kai ne waliyyinta."

Malam Shehu ya dubi ƙanensa. Da ƙyar ya ce, "To kai ma Kamilu ɗanka ne. Sai ka zo ka nema mashi."

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura auren a ƙofar gidan Gummi. Masu dogon carbi da masu ɗagaggen wando suka cika tabarmi, ana ɗan satar kallon juna, ana miƙa goro. Daga cikin ɗaki, kanta bisa cinyar Inna Bara'atu, Muhsina ta ji muryar mahaifinta ta lasifika tana rawa.

"Muna nema wa ɗanmu Kamilu auren ɗiyarku Muhsina."

"Mun ba ku," in ji Malam Shehu. "Ku riƙe mana ita amana."

Wayarta ta yi ƙara a cikin hayaniyar guɗa. Ta ɗauka.

"Kin ji su?" in ji Kamilu. Shi ma muryarsa ba daidai take ba.

"Na ji, Yaya."

"Har yanzu Yaya?"

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya cikin hawaye. Inna Bara'atu ta karɓe wayar ta kara a kunne.

"Kai, maigidan, ka bar mani ita ta gama kukanta. Gobe taka ce."