Haƙori a Cikin Dusa

Ranar Juma'a ce, saura kwana biyu Sallar layya, birnin Karachi ya koma garke. Duk lungun da ka leƙa, in ba akuya ke kuka ba to sa ne ke huci. Sufeto Mithal Chandio ya dawo daga masallaci ke nan, ko shayinsa bai kurɓa ba, sai ga wani dattijo mai gemu rine da lalle ya faɗo ofis, carbi a hannu amma ba sallama.

"Sufeto Sahib, an sace mana sa. Kuma ba sai ka wahala ba, na zo maka da sunan ɓarawon."

"Madalla. Kai kuma wane ne?"

"Mirza Taukir Beg, shugaban kwamitin unguwar Bagh-e-Sakina. Shekarata goma sha ɗaya a kujerar. San haɗaka ne, kaso bakwai, ni na sayo shi da kaina. Mun shiga masallaci yana nan a rumfa, ni ma a sahun farko na yi sallah, mun fito babu shi."

"Wa ya ɗauka?"

"Piru. Bashidin nan na gida mai lamba goma sha huɗu. Shi kaɗai ne namijin da bai yi sallah tare da mu ba."

Shekara ashirin da biyu Sufeto yana wannan aiki, kuma ba abin da ya tsana kamar mai ƙarar da ke zuwa da ɓarawonsa a aljihu. Ya ɗauki hularsa, ya kira Saje Wazir, suka bi Mirza.

Bagh-e-Sakina tana can bayan gari: gida talatin da biyu cikin katanga ɗaya, ƙofa ɗaya, maigadi ɗaya. Unguwa ce ta malaman makaranta da ma'aikatan banki masu fansho, mutanen da suka tsere wa hayaniyar birni suka zo nan suna sa wa juna ido. Shekara ɗaya da ta wuce Pir Bakhsh, wanda ake kira Piru, ya sayi gida a cikinsu. Shi Bashidi ne, wato daga baƙaƙen Karachi, waɗanda kakanninsu suka ƙetaro teku tun ba a yi mafarkin Pakistan ba. Tun ranar da motar kayansa ta shigo unguwar ba ta sake barci da ido biyu a rufe ba.

Sufeto ya fara da rumfar san. Igiya tana nan ɗaure a turke, ba yanke ta aka yi ba, kwance kullin wuyan aka yi a tsanake. A cikin wani bokiti kuma ga ƙararrawar wuyan san da kayan kwalliyar goshinsa, an naɗe su tsaf.

"Saje, ka taɓa ganin ɓarawon da ke ninke wa mai kaya kayansa?"

"Sai dai in ɗan gida ne, Sahib."

Sufeto ya tsuguna gaban bahon dusa, ya sa yatsa ya motsa. Wani abu fari ya bayyana. Haƙori ne mai faɗi, ba jini a jikinsa, gindinsa kuma duk busasshen gam. Ya jefa shi aljihu bai ce wa kowa komai ba.

A ƙofar gida na goma sha huɗu ya tarar da taro, maza sun kai ashirin. Gabansu kuwa wata tsohuwa baƙa, doguwa, ta fito da kujerar roba ta dasa a bakin ƙofa, ta harɗe hannuwa. Bibi Mahganj ke nan, matar Piru.

Mirza ya zaro takarda ya ɗaga sama. "Gida ashirin da uku sun sa hannu. Ku sayar ku koma inda kuka fito, mu zauna lafiya."

"Ina muka fito?" in ji tsohuwa. "Faɗa mini, Mirza Sahib, don ni na manta. Kabarin kakan kakana yana nan garin, in kana so in kai ka. Kai fa? Kakanka sai da aka kafa Pakistan ya iso da gudun hijira a rufin jirgin ƙasa, rungume da buta. Mu muka ba shi ruwa."

Wani a bayan taro ya ƙyalƙyale da dariya, ya yi maza ya mayar da ita tari.

Sufeto ya matso. "Mama, ina son shiga."

"Kai shiga, ɗana, aikinka ne. Buɗe ko'ina, har tukunya. Amma waɗannan, shekara guda ba wanda ya taɓa yi mini sallama, ba kuwa yau za su fara taka mini tsakar gida ba."

Ba komai a gidan sai bunsuru guda ɗaure a gindin famfo, da wani tsoho mai furfura yana ba shi ganye. Bai tashi ba, bai kuma sunkuyar da kai ba. Sufeto ya kira shi da Chacha, wato kawu.

"Chacha Piru, ina ka yi Juma'a?"

"Masallacin leburori, tsallaken titi."

"Ga masallaci a ƙofar gidanka."

"Akwai. Sau uku ina shiga sahu, na dama ya ja kafaɗa, na hagu ya ja kafaɗa, in tsaya ni kaɗai kamar turke. Na ce bari in daina ɓata wa bayin Allah sallarsu."

"An ce ka nemi kaso a san, aka hana ka."

"Su shida ne, ana neman na bakwai. Na ce ga ni. Mirza Sahib ya ce an cika, ya ɗauki kaso biyu shi kaɗai. Gara ya biya sau biyu da a ambaci sunana tare da nasa a kan wuƙa ɗaya."

"Ka ji haushi?"

"Na ji. Na kuma sayi bunsuruna."

"An gan ka jiya kana taɓa san."

"Bakinsa na buɗe. Shekara talatin da ɗaya na yi ina kiwon shanun madara a Landhi, ba na iya wuce dabba ban duba ta ba."

Sufeto ya fito da haƙorin ya ɗora a tafin hannu. Tsoho ya kalla, ya girgiza kai.

"Ashe ya faɗi. Ka sani, Sahib, sa ba ya layya sai ya cika shekara biyu, alamarsa kuma manyan haƙora biyu a gaba. Wancan maraƙi ne aka cusa wa abinci ya kumbura. 'Yan kasuwa suka cire masa na yarinta suka manna masa na wani. Ka yanka shi, nama ka ci, ba layya ka yi ba, ku duka masu kaso a cikinsa."

"Wa ka gaya wa?"

"Wanda ya sayo shi, Mirza Sahib. Na ja shi gefe don kada in kunyata shi, na ce ya mayar tun da sauran lokaci. Ya ce wa ya tambaye ni. Ya ƙara da wata kalma da ba zan maimaita ba a ranar Juma'a."

"Me ya sa ba ka faɗa wa taron can ba?"

"Su ji daga bakina? Ni da sa duk baƙaƙe ne a wurinsu, Sahib. Ka kama ni in kamawar ce, in yi Sallah a ɗakinku. Amma gidan nan da gumina na saya, ba mai fitar da ni sai a makara."

Sufeto ya ji maganar har cikin ransa. Ya san da wani jami'in aka turo, da yanzu tsohon yana bayan mota, takardar Mirza kuma ta zama gaskiya.

Maigadi Gul Zaman yana tsaye a bakin ƙofar unguwa, ya ƙame kamar soja.

"Ka bar wurin nan lokacin sallah?"

"Ko taku ɗaya, Sahib."

"To ai ka ga Piru ya fita."

"Na gan shi. Shi kaɗai, da darduma a kafaɗa."

"Ka gan shi ya dawo?"

Maigadi ya sosa ƙeya.

"Gul Zaman, ni ba kwamiti ba ne, ba na korar mutum don ya yi sallah."

"To na je, Sahib. Ana fara huɗuba na garƙame ƙofa da kwaɗo na tafi da makullin. Da na dawo na tarar da Chacha Piru a waje yana jira in buɗe masa."

"A waje."

"A waje, cikin rana."

"Mirza Sahib fa, ka gan shi a masallaci? Ya ce mini a sahun farko ya yi."

"Sahun farko? Kusa da ni ya tsaya, wajen takalma. A raka'a ta biyu ya shigo yana haki."

"Bayan sallah wata mota ta fita?"

"Babur ɗin Mirza Sahib kaɗai, da zai je kiran ku."

Katangar unguwar ta fi tsayin mutum biyu, sa kuma ba ya tashi sama. Sufeto ya juya ya dubi layukan gidajen. Kusan kowace ƙofa da dabbarta, kowacce na kuka, kukan guda ɗaya ba zai taɓa fita daban ba. Ya koma wurin Piru.

"Chacha, ƙarfe nawa ake bai wa san nan dusa?"

"Bayan la'asar. Mirza Sahib yakan buga bokiti, don kowa ya fito ya ga san da ya sayo."

"To la'asar ta yi. Ɗauko bokitin."

Haka kuwa aka yi. Tsoho ya shiga gaba yana buga bokiti da sanda, Sufeto da Saje a bayansa, taron unguwa na biye suna gunaguni. Mirza yana ta faɗin wannan wasan yara ne, a kama ɓarawo kawai a huta. Suka gama layin farko, suka gama na biyu. A ƙarshen na uku, daga cikin wani gida mai ƙaton kwaɗo, wanda ciyawa ta cinye ƙofarsa, sai aka ji wani irin kuka mai kauri, aka kuma ji ana tunkuyin ƙyaure.

"Gidan wa ke nan?"

"Na Injiniya Sarfaraz ne," in ji wani. "Shekararsa uku a Kanada."

"Makulli fa?"

Duk idanu suka koma kan Mirza.

"Ya ɓata," in ji Mirza. "Tun bara."

"Saje, taimaka masa ya duba aljihu."

Makullin yana nan a ɗaure da na babur ɗinsa. Aka buɗe, sa ya fito yana neman bokiti. Sufeto ya ce wa Piru ya buɗe bakinsa kowa ya gani. Tsoho ya kama hancin dabbar, ya ɗaga leɓe. Haƙori babba guda yana lilo, kusa da shi gurbi. Sufeto ya ɗaga wanda ke aljihunsa.

"Mirza Sahib, za ka faɗa da bakinka, ko in faɗa maka?"

Dattijon ya dubi abokan haɗakarsa biyar, ba wanda ya yarda suka haɗa ido. Muryarsa ta faɗi.

"Da safe na ga haƙorin babu. Shekara goma sha ɗaya ni ke sayo wa unguwar nan sa, ina cewa ba a haifi ɗan kasuwar da zai cuce ni ba. Na yi niyyar in fitar da shi bayan Sallah, kowa ya ce sace shi aka yi."

"Piru kuma ya yi Sallah a kulle, ya rasa gidansa."

"Da wani ne ya gaya mini, wallahi da na haƙura." Ya nuna tsohon da carbinsa. "Amma wannan? Wannan ne zai koya mini addinina?"

"Shi ya rufa maka asiri jiya, kai ka tona wa kanka yau. Sata, da ƙarar ƙarya, da shiga gidan da ba naka ba. Saje, sa masa ankwa."

Da Saje ya kama hannunsa, takardar nan ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Wani malamin makaranta, wanda sunansa ne na biyu a kanta, ya yi wuf zai ɗauke. Bibi Mahganj ta riga shi, ta ɗora ƙafa a kai.

"Mama, bari mu yaga ta," in ji malamin, murya ƙasa-ƙasa. "Kuskure ne aka yi. Kuma in Chacha zai raka mu kasuwa gobe ya duba mana wani, ga kaso nan biyu babu mai su."

"Rakiya zan raka ku," in ji Piru, "don kada ku yanka maraƙi. Kaso kuwa ku riƙe abinku, ina da bunsuruna. Ranar Idi dai a sahun farko zan tsaya. Mai jan kafaɗa ya ja, filin Allah da faɗi."

Tsohuwa ta sunkuya ta ɗauki takardar, ta karkaɗe ƙura, ta ninke ta biyu.

"Wannan ba mai yaga ta. Dama ban san sunayenku ba, tunda ba ku taɓa gaya mini ba. Yanzu ga su a jere har da lambar gida. Jibi in an yanka bunsuru, zan bi su ɗaya bayan ɗaya da faranti. Da hannun nan nawa baƙi zan ƙwanƙwasa. Wanda ya isa ya mayar da naman layya, ya mayar in gani."



Sufeto ya buɗe wa Mirza bayan mota. Har ya tayar da inji, sai tsohuwa ta leƙo ta taga, ta dubi dattijon da ke zaune da ankwa.

"Sufeto Sahib, sunansa ne na farko a takardar. Ƙarfe nawa kuke bari a kawo wa 'yan tsare abinci?"