Lambobi Shida na Abba

Ranar da ta fara shiga shagonsa, wayarta ce ta suɓuce daga aljihun farar rigarta ta asibiti, gilashin ya tsattsage kamar saƙar gizo. Ta same shi sunkuye kan wata kwamfuta da ya farke wa ciki, ƙananan kusoshi jere a murfin kwalba. Yana ɗagowa ya gan ta, sukudireba ta tsaya cak a hannunsa.

"Malam, gyara na kawo, ba kallo ba."

"Afuwan, Nas. Mece ce lambar buɗe wayar?"

"Ɗaya, biyu, uku, huɗu."

Ya dafe kai. "Haba! Ai kin kulle ƙofa ne kin rataye mata makulli a jiki."

Sai ta nuna wani sacet na kafso da ke gefen teburinsa. "Wa ya rubuta maka wannan?"

"A guruf na gani, an ce yana kashe mura."

"To, Injiniya, kai taka ƙofar ma ko ƙyaure babu."

Dariya ta ƙwace masu tare. Wayar ta gyaru cikin rabin awa, amma shi zuciyarsa tun daga ranar ba ta sake zama wuri ɗaya ba.

Ashe duk suna cikin guruf ɗin unguwa, mai mutum sama da ɗari biyu, inda ake musu tun safe: yau kan allurar rigakafi, gobe kan tsadar kaya, jibi kan wanda zai ci zaɓe. Ita ce mai cewa, "Don Allah ku kai yaro asibiti." Shi ne mai cewa, "Kada wanda ya taɓa link ɗin nan da aka turo, na 'yan damfara ne." Ta bayan fage kuwa, saƙonni na daban suke musaya.

"Nas ɗina, na sha ruwa kofi shida kamar yadda kika umarta. Ƙishin ganinki ne ya ƙi tafiya."

"Makullina, na canza lambar sirri. Ta yi tsawo har ni ma sai na yi tunani. Kai kaɗai ne ban iya mantawa ba."

Wata biyar ana haka, ya ce zai turo manyansa. Nan gizo ya yi saƙa.

Abbanta tsohon hedimasta ne, mutum mai kirki, sai dai duk saƙon da ya shigo wayarsa sai ya tura wa guruf kafin ya ƙarasa karantawa. Tana faɗa masa wanda take so, ya cire tabarau ya ajiye.

"Mai gyaran nan? Wanda ya ƙaryata ni gaban jama'a?"

Ta tuna. Bara Abba ya tura cewa duk wanda ya amsa kiran wata lamba wayarsa za ta kama da wuta. Injiniya, bai san wanda ya turo saƙon ba, ya rubuta: "Ƙarya ce tsagwaronta. Masu turawa su riƙa bincike." Fuskokin dariya goma sha ɗaya suka biyo baya. Abba ya ƙirga su.

"Shekara talatin ina gyara wa yara kuskure, ban taɓa tsinka uban kowa a bainar jama'a ba. Ga ɗan aminina nan, mai sayar da motoci. Yaro mai ladabi."

Umma ta taɓe baki daga bakin kicin. "Ladabi? Ko atishawa ka tura sai ya rubuto 'Gaskiya ne, Abba.'"

"Ke dai yi shiru."

Nas ta shige ɗaki tana share hawaye, ta rubuta: "Abba ya ƙi. Ka san wanda ka ƙaryata bara?"

Amsa ta zo. "Wayyo ni. Gaskiya na faɗa, amma na faɗe ta da rashin kunya. Ki ba ni lokaci, zuciyata."

Lokacin bai samu ba. Wata safiya wani mai murya mai daɗi ya kira Abba, ya ce daga shugabannin guruf yake, za a yi taron dattawa ta waya, an turo masa lambobi shida, ya karanto. Abba ya gyara tabarau ya karanto su tiryan-tiryan. Kafin azahar an ƙwace masa asusunsa na aika saƙo a waya, ana bin tsofaffin ɗalibansa da sunansa da hotonsa ana roƙon taimako wai yana kwance asibiti.

Mai motoci ne ya fara zuwa jaje. "Abba, wa ya iya irin wannan aikin a unguwar nan? Kuma wa aka hana aure?"

Maganar ta shiga. Har Nas, da ta dawo daga aiki ta tarar da Abba zaune jugum ya ƙi cin abinci, sai da shaiɗan ya ɗarsa mata shakka. Ta rubuta wa Injiniya: "Ka rantse min ba kai ba ne."

Bayan minti ashirin aka yi sallama a ƙofa. Shi ne, jakar kwamfuta a kafaɗa, idanunsa jawur. Ya durƙusa har ƙasa.

"Abba, a yi min izini in riƙe wayar nan. In na gama a kore ni."

Umma ce ta miƙa masa. Ya sa aka sake turo lambar ta layin Abba, ya shigar, ya fitar da ɓarawon, ya ɗora wata lambar sirri ta biyu. Sannan ya juya baya.

"Abba ya zaɓa da kansa. Kada ya faɗa wa kowa. Har ni."

Abba ya daɗe yana kallon ƙeyarsa. "To yanzu sai ka je guruf ka ba su labarin tsohon da aka yi wa wayo."

"A'a, Abba. Ni na taɓa yin magana a inda bai kamata ba, ina neman gafara. Gargaɗin nan daga bakinka ya dace ya fito. Kai suke jin maganarka. Ni dai in nuna maka yadda abin yake."

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, tsohon malami ya koma ɗalibi, har da biro da takarda. Da la'asar guruf ya ga saƙo: "Ni Hedimasta, yau an yaudare ni da lambobi shida. Kowa ya kira ku, ko da muryata ce, kada ku karanta masa." Mutum tamanin suka yi godiya. Mai motoci ya rubuta, "Gaskiya ne, Abba." Umma ta yi dariya har da riƙe ciki.

Nas ta biyo Injiniya bakin ƙofa, kanta a ƙasa. "Ka yafe min tambayar da na yi."

"Ta yi zafi, Nas ɗina. Ta fi allurarki."

"Zan yi jinya."

"Ta tsawon rai?"

Ta rufe fuska da gefen mayafi, ta gudu ciki.

Bayan wata uku, da hantsi, wayoyin unguwa suka yi ƙara lokaci guda. Abba ne:

"Jama'a, wannan karon na yi bincike kafin na tura. Na tambayi yarinya, na tambayi yaro, na tambayi uwarta, wadda ta riga ni sani. Labarin gaskiya ne: yau an ɗaura auren 'yata Nas da ɗana Injiniya. Wannan kam ku tura wa kowa."

Addu'o'i suka yi ta zuba kamar ruwan sama, babu mai musu ko ɗaya, abin da guruf bai taɓa gani ba. Amarya na zaune tsakiyar ƙawayenta saƙo ya shigo: "Matata."

Ta karanta sau uku, hawaye na ɗiga kan gilashin da ya gyara mata. Ta rubuta: "Na'am, mijina."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya tsare gidansu daga sharrin na waje da na cikin waya. Amin.