Salansar Oga Lawal

Oga Lawal dai mutum ne da Allah bai ba shi abin da za a waiwaya a kalle shi ba. Shi ya sa da ya samu a-kori-kura mai shan gas, yana dakon dutse a Mpape, ya kai ta wurin mai walda aka datse salansar. Wai don a san ya dawo.

Aka kuwa sani. In ya hawo tudu, kwanon rufi har rawa yake. Mama Prudence maƙwabciyarsa ta roƙe shi saboda jaririnta. Ya ce, "Madam, ƙarfin inji ne, ba za ki gane ba."

Ran nan da magariba ya shigo, ya taka totur sau ba adadi kamar kullum, ya kashe. Unguwa ta yi tsit. Hayaƙi ya kwanta a tsakar gida, ya ƙi tashi. Sai tsakuwa ta faɗo kan motar. Sai wata. Ba kan rufi ba, ba kan kowa ba, motar kawai.

Yusra, 'yarsa guda ɗaya, tana zaune tana tsince shinkafa. Ta ajiye faranti a hankali, ta buɗe baki, sai ga rurin inji daga ƙirjinta.

Batulu, matar Lawal, ta ce, "Baban Yusra... wannan ba muryarta ba ce."

Haka aka yi kwanaki. In ya tada mota, yarinya ta faɗi. Ba ci, ba magana, wuya duk ya ƙwanjame. Lawal ya ce maƙiya ne.

Aka ɗauko Malam Nasrullahi daga Karu. Maƙwabta suka cika ƙofa. Ya yi karatu har murya ta dushe, sannan yarinya ta ɗago, ido jawur, ta yi magana da muryar babbar mace.

"Malam, sassauta. Yanzu na samu ya yi barci."

"Wa?"

"Ɗana. Jego nake, a gindin katangar nan. Nakiyar masu fasa dutse ma na jure, su ko ba komai suna busa usur tukun. Wannan sakaran fa? In ya tashi nawa, in tashi tasa."

Malam ya ce, "Ki ji tsoron Allah ki fita!"

Mama Prudence daga ƙofa ta ce, "Malam, bari ta gama magana mana."

Aljana ta ce, "Ya mayar da salansa, in sakar masa 'ya."

Kowa ya juyo ga Lawal. Kun san mutumin nan sai da ya yi tunani? 'Yarsa kwance a tabarma, shi yana sosa ƙeya.

"Ko ranar Juma'a kawai a bar ni in..."

Batulu ta miƙe da muciya a hannu. Ya ce, "Na yarda, na yarda!"

Washegari aka liƙa salansa. Da magariba mota ta shigo sum, kamar mara gaskiya, ko kaza ba ta ɗaga kai ba. Yusra ta yi atishawa, aljana ta ce ta tafi, Yangoji za ta koma cikin gonaki.

Mama Prudence ta durƙusa gaban tabarma. "Hajiya, kafin ki wuce, akwai George mai janareta a bayan layi."

Ina, ta makara. Yusra ta buɗe ido ta ce, "Umma, yunwa nake ji."